Satar hauren giwa: fushinmu ya daina tsayawa a kan ƙaramin ɓarawo

Duk ranar da aka nuna hoton wani saurayi a tsugune, da ankwa a hannu, ga hauren giwa a gabansa, kowa ya san abin da zai biyo baya. Facebook da WhatsApp su cika da tsinuwa. Wannan ya ce a harbe shi, wancan ya ce a bar shi ya ruɓe a kaso. Can kuma wasu su fito su ce a ƙyale shi, talauci ne, ai giwa ce aka kashe ba mutum ba. Bayan kwana uku kowa ya koma harkarsa. Ɓangarorin nan biyu duk sun zaɓi hanya mai sauƙi, kuma mu iyaye da malamai bai kamata mu bi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu fara da masu cewa giwa ce kawai. Haure haƙori ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa a binne yake cikin ƙashin kai. Mai son ya same shi cikakke sai ya kashe dabbar, ya sassare fuskarta da gatari. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, sannan ta yi shekaru kafin ta sake haihuwa. Manyan haure kuma a jikin tsofaffi suke, su ne suka san inda ruwa yake lokacin bazara. Babbar ƙidayar da aka bayyana sakamakonta a 2016 ta nuna giwayen dajin fili na Afirka sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014. A farkon 2012 mahara a kan dawakai sun shiga gandun dajin Bouba Ndjida na arewacin Kamaru suka hallaka ɗaruruwan giwaye cikin ƴan makonni. A Zakouma ta ƙasar Cadi, garken da ya haura 4,000 a 2002 ya dawo kamar 450 a 2010. Kuma ba dabbobi kaɗai ke mutuwa ba: a watan Satumba na 2012 mafarauta sun buɗe wa ma'aikatan tsaron Zakouma wuta suna cikin sallar asuba. Magidanta ne, sun bar mata da marayu.

Abin bai yi nisa da mu ba. Gandun dajin W, wanda Nijar ke tarayya a kansa da Benin da Burkina Faso, shi da Arly da Pendjari su ne mafakar giwaye mafi girma da ta rage a Afirka ta Yamma. Mutanen kudancin Maraɗi kuwa sun san lokacin da giwaye ke ƙetarowa daga Najeriya zuwa dajin Babban Rafi. Yaro nawa ne a ajinka, malam, ya taɓa jin wannan labari?

Yanzu ga masu cewa a harbe shi. Fushinku yana da dalili, amma ku duba inda kuka ajiye shi. A 2012 an sace kimanin tan 3 na haure daga ma'ajiyar hukumar kula da namun daji ta Zambiya. A 2014 sama da tan guda ya yi ɓatan dabo daga ma'ajiyar irin wannan hukuma a Yuganda. Wannan haure ne da aka riga aka ƙwace, aka auna, aka rubuta a rajista, aka kulle. Ɗan ƙauye mai tsohuwar bindiga ba shi da makullin irin wannan ɗaki. A watan Janairu na 2014 an kama kusan tan 4 a tashar jiragen ruwa ta Lome, cikin kwantena da za su tafi Biyetnam. Tan 4 haƙoran ɗaruruwan giwaye ne. Kafin su isa bakin teku sai an samu mai kuɗin da ya tara su, da mai mota, da mai takardu, da wanda ya kau da kai a kan iyaka. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, amma a 2014 kilo guda ya kai kusan dalar Amurka 2,100 a kasuwar ƙasar Sin. Wanda ya kwana cikin daji yana gudun harsashi, ɓarɓashi kawai yake samu daga wannan kuɗi. Shi ake nunawa a hoto, shi muke zagi, mu kwanta da sanyin rai kamar mun yi wani aiki. Wanda ya aike shi kuwa gobe zai aiki wani.

Sai masu cewa talauci ne. Talauci gaskiya ne, kuma manomin da giwaye suka tattake masa gero a dare guda yana da hakkin a saurare shi, a biya shi. Amma in talauci kaɗai ke sa sata, da ƙasar nan ba ta zaunu ba. Miliyoyin talakawa suna kwana da yunwa ba su taɓa kayan kowa ba, kuma cin mutuncinsu ne a ɗauki sunansu a wanke ɓarawo da shi. A 2013, a tsakiyar birnin Paris, wani matashi ya haura gidan ajiyar kayan tarihi da injin yankan icce, ya datse hauren ƙwarangwal ɗin wata giwa da sarkin Fotugal ya ba sarkin Faransa Louis na 14 kyauta a 1668. Ba a yi fari a Paris ba, gonarsa kuma ba ta ƙone ba. Ya ji cewa abin yana da tsada, ya ga kamar zai sha.

A nan maganar take. Matashin da ke shiga babban laifi ba mahaukaci ba ne, lissafi yake yi. Yana ganin kuɗin kusa. Yana ganin hukuncin bai da tabbas, domin ya sha ganin an kama wani da safe an sake shi da marece. Abu na uku, wanda ya fi nauyi, ya tabbata in ya dawo da kuɗin ba wanda zai tambaye shi inda ya samo. Na farko kasuwa ce ta koya masa, na biyu hukuma. Na uku kuwa a gida ya koye shi.

Ku dubi unguwanninmu. Yaro ya bar lakwal bai ko kai ga jarrabawar BEPC ba, ya ɓace wata shida, ya dawo da sabon babur da babbar waya. Uwa ta samu atamfa, uba ya samu shadda, kowa ya ce Allah ya yi albarka. Ranar biki maroƙa su kama kirarinsa, a shimfiɗa masa tabarmar gaba. A gefe guda ga mushen da ya koyar da shi karatu, ɗan kwantiragi, yana jiran albashi yana cin bashi wurin mai shago. Ƙannen yaron suna kallo. Duk darasin tarbiyya da za a rubuta musu a allo ba zai goge abin da suka gani da idonsu ba. Lissafin da ke kai wani dajin W da bindiga shi ne ke kai wani safarar tramol, ko kai wa ƴan bindiga mai da abinci cikin daji. Kayan ne suka bambanta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To me ya rage gare mu? Iyaye, tambayar “ina ka samo?” hakki ce a wuyanku, ko da ɗan ya fi ku tsawo. Ku yi ta tun yana ƙarami, ranar da ya shigo da biron da ba ku saya masa ba. In ya girma ya kawo kyautar da ya kasa faɗin asalinta, ku mayar masa. Zai yi zafi, amma bai kai zafin kai masa tuwo gidan kaso ba, balle a kira ku ku gane gawa.

Malamai, ku shigo da zancen cikin aji da lambobinsa. Ku sa yara su lissafa shekara nawa garke zai yi kafin ya mayar da giwa ɗari, in kowace uwa tana ɗaukar ciki wata 22. Ku zana musu hanyar haure daga daji zuwa tashar ruwa, su nuna da kansu wa ke cin riba, wa ke shan harsashi. Yaron da ya gane cewa shi ne ake zubarwa a wannan ciniki, zai yi wuya a ruɗe shi.

Fushin kuma mu kai shi inda yake da amfani. Duk abin da jandarma ko duwan ko ma'aikatan gandun daji suka ƙwace, mu nemi a faɗi nauyinsa, a faɗi inda aka ajiye shi, a bari a ƙirga. Kenya ta ƙone tan 105 a bainar jama'a a 2016, Najeriya ta niƙe tan 2.5 a Abuja a watan Janairu na 2024, don kada abin da aka ƙwace ya sake komawa kasuwa ta bayan gida. Mu nemi shari'a ta wuce kan ɗan aike ta kai ga mai aiken. Gyara yana yiwuwa: a Zakouma, bayan an sauya tsarin tsaro daga 2010 aka kuma jawo ƙauyukan kewaye cikin aikin, kisan ya kusan tsayawa, giwaye suka koma haihuwa, garken ya sake haura 500.

Zagin wanda aka riga aka sa wa ankwa ba ya buƙatar ƙarfin hali. Ƙarfin hali shi ne ka ƙi tashi tsaye don mai kuɗin da ba ka san sana'arsa ba, ka kuma dubi ɗan cikinka ka ce ya faɗa maka inda ya samo.