WA ZAI ƊAUKI NAUYIN SHARI'AR TALAKA?

Jama'a manoma, fatake da 'yan tireda, a kasa kunne!

A ce ka ba wani kamfani waken soya buhu 40 bashi, an yi alkawarin biya bayan sati biyu. Wata shida sun wuce, ko sisi. Ka tashi za ka kai ƙara. Kuɗin rajista daban, na sammaci daban, na lauya daban, ga kuɗin motarka da na shaidunka duk ranar zama. Ka isa birni, sai a ce an ɗaga shari'a. Shi kamfani yana da lauya mai albashi, ɗagawa ba ta rage shi da komai. Kai kuwa ka sayar da tunkiya, ka sayar da sa, daga ƙarshe ka ce ka bar wa Allah. Ba gaskiya ka rasa ba, guzuri ne ya ƙare.

To a wasu ƙasashe akwai masu zuba jari a shari'a. Su duba ƙararka, in sun ga tana da ƙarfi su biya lauya da duk ɗawainiya. In an ci, su ɗauki kasonsu. In an faɗi, asarar tasu ce. Haka ma akwai lauyoyi masu cewa sai an ci za a biya su. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni, masunta ne talakawa kamarku, man Shell ya lalata musu ruwa. Lauyoyi a Landan suka tsaya musu, a 2015 kamfanin ya yarda ya biya Fam miliyan 55. Da aljihunsu kaɗai, ina za su iya?

Mu a nan me ya hana? Tsohuwar dokar da muka gada wajen Turawa ce, wadda ta ɗauki saka kuɗi a shari'ar wani don a sami kaso a matsayin laifi. Su Ingila sun daina ɗaukarsa laifi tun 1967, mu muka riƙe musu kayansu! Sai a 2023 aka sa hannu a Dokar Sasanci da Sulhu, ta halatta irin wannan jari, da sharaɗin a bayyana sunan mai zuba kuɗin. Madalla. Amma ku lura: a sasancin da ake yi wajen kotu ne kawai, irin na manyan kamfanonin Legas da Abuja. Mai buhu 40 da ke gaban majistare ba a tuna da shi ba.

Za su ce ai akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun 1976. Akwai ta, amma ƙarfin aikinta yana kan waɗanda ake tuhuma da waɗanda ke tsare, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Ɗan kasuwar ƙauye ya fi ƙarfin agaji, lauya kuma ya fi ƙarfinsa.

Kada kuma a ce mun buɗe wa kuraye ƙofa. Mun san halin mai kuɗi in ya sami wanda ke cikin matsi: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Dokar 2023 ba ta yanka iyakar kason mai jari ba. Saboda haka muke cewa a faɗaɗa dokar ta kai kotunan yau da kullum, a yanka kaso, a rubuta yarjejeniya da Hausa, boko ko ajami, a karanta wa mutum gaban shaidu kafin ya dangwala. Ƙungiyoyin gama kai na manoma su ma su iya ware asusun shari'a, kamar yadda ake adashi.

Kuma hanya mai araha tana nan. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi a 2019: mutum ya tsaya da bakinsa ba dole sai da lauya ba, a nemi gamawa cikin kwana 60. Me ya sa sai mazauna birni za su more ta?

Duk ɗan takarar Majalisa da ya zo da gishiri da atamfa, ku tsayar da shi a dandali ku tambaye shi: wace rana kotun ƙananan basussuka za ta zauna a hedkwatar Ƙaramar Hukumarmu, kuma nawa zai nemi a sa mata a kasafin kuɗi?