Mai Kacici-Kacici, Wa Ya Ce Amsarka Ce Kaɗai Daidai?

Idan kana Facebook, ko kina cikin ɗaya daga guruf-guruf ɗin WhatsApp na matasan Daura, Zango, Baure, Sandamu ko Mai'adua, ba sai an yi muku dogon bayani ba. Dare na yi admin zai saki tambaya, ya ce wanda ya fara ba da amsa daidai yana da katin ɗari biyar ko data. Kafin ka ƙifta ido amsoshi sun cika wuri. Can sai a sanar da wanda ya ci, daga nan kuma rigima ta tashi. Wani ya ce ai shi ma daidai ya faɗa, admin ya ce hukuncinsa ya yanke, wanda ya matsa a cire shi daga guruf.

Ni ina son kacici-kacici, kuma ina ganin ya fi yawancin abin da muke ƙona data a kansa amfani. Amma ra'ayina a wannan fili shi ne: da yawa daga tambayoyin da ake yi mana ba su da amsa ɗaya, kuma mai shiryawa yana hukunta mutane a kan abin da shi kansa bai bincika ba. Katin ɗari biyar ƙaramin abu ne. Babbar asarar ita ce yaro ɗan JSS ya haddace amsar, ya tafi da ita a matsayin gaskiyar da babu ja a kanta.

Mu fara daga gida. Tambayar da ta fi yawo ita ce, "Wa ya kafa Daura?" Amsar da ake jira kuma Bayajidda. To ɗan'uwa, tuna labarin kamar yadda aka ba ka shi tun kana ƙarami. Baƙon ya iso gari da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiya. Ya je ya kashe ta, gari ya waye, Magajiya Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki. Ka ga ke nan gari ya tarar, da rijiyarsa, da sarauniyarsa, da fadawanta. Labarin ma cewa ya yi akwai jerin sarauniyoyi kafin Daurama, tun daga Kufuru, kuma daga Tsohon Birni aka taso zuwa inda garin yake yanzu. Wuƙar da ya yi amfani da ita, maƙeran Gaya aka ce suka ƙera masa. Saboda haka wanda ya rubuta "Daurama" ko "Kufuru" ya fi kusa da abin da labarin ya faɗa, amma shi ake ba alamar kuskure.

Haka ma idan an tambaya, "Wane ne asalin Hausawa?" Mutumin da ya zo ya tarar da jama'a a zaune ta yaya zai zama kakansu duka? Abin da labarin ya danganta masa shi ne gidajen sarauta, ta hanyar ɗansa Bawo da jikokinsa. Kalma ɗaya aka sauya a tambayar, ma'ana ta tafi wani wuri daban.

Sannan masana tarihi ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya game da shi ba. Wasu Turawa sun danganta shi da Abu Yazid, wanda ya yi tawaye a Arewacin Afirka ya mutu a 947. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, a wata maƙala da ya buga a 1970, ya nuna shakku a kan a ce zuwan baƙo guda ne ya haifar da daulolin ƙasar Hausa. Fadar Daura kuwa tana riƙe da nata tarihin, ga rijiyar nan ana ziyarta, ga Sallar Gani ana yi duk shekara. Ba ina cewa ka bar na gida ka kama na jami'a ba. Abin da nake nema wurin mai tambaya shi ne ya faɗa mana a kan wanne yake tambaya. "A cewar labarin Bayajidda, wa ya kashe macijiyar Kusugu?" Wannan tambaya ce mai tsabta, Bakano da Bagobiri da Badauri duk amsa ɗaya za su bayar. A ajinmu na aikin jarida, abu na farko da ake nanata mana shi ne kalmar "a cewar". Gajeriya ce, amma ita ke raba labari da ra'ayin mai kawo shi.

Ɗauki wata: "Wane ne Sarkin Daura a 1850?" Kamar mai sauƙi, ko? A 1805 Malam Isiyaku, mai tutar jihadi, ya karɓi birnin Daura, Sarki Gwari Abdu ya fita da mutanensa. Daga baya zuriyar tsohon gidan sarauta ta zauna a Zango, wani reshe kuma a Baure, Fulani suna mulki a cikin birni. Wannan rabuwa ita ce M. G. Smith ya rubuta littafi guda a kanta, wanda ya fito a 1978. Sai a farkon ƙarni na 20 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango, kuma gidansa ne ya ba mu Sarki Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, da Sarki Muhammadu Bashar har 2007, zuwa Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar na yanzu. To a 1850 wa kake nufi, na birni ko na Zango? Idan ba ka fayyace ba, ka zaɓi ɓangare ke nan a tsohuwar taƙaddama ba tare da ka sani ba, kuma ka ci tarar wanda kakansa ya ba shi ɗaya labarin.

Akwai kuma tambayar da ke zuwa da zagi a cikin aljihunta. "Lissafa Banza Bakwai." Na farko dai jerin ba ɗaya ba ne, wani littafi ya sa Ilori, wani ya ce ƙasar Yarbawa. Na biyu, guruf ɗin nan da kake ciki akwai ɗan Kabi, akwai 'yar Zamfara, akwai Banufe da Bagwari. Kana so mutum ya rubuta sunan garinsu a ƙarƙashin kalmar "banza" don ya ci data? Mu da garinmu ke sahun gaba a Hausa Bakwai, tare da Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, abin ba ya yi mana ciwo, shi ya sa ba ma lura. Amma muna da misali a gabanmu. Shekara da shekaru ana tambayar yara a makaranta wa ya gano kogin Neja, ana jiran su ce Mungo Park, mutumin da ya isa bakin kogin a 1796 ya tarar da masunta da jiragensu. Duk mun yi wa wannan tambaya dariya, mun ce ta Turawan mulkin mallaka ce. Kada mu yi wa maƙwabtanmu irinta da Hausa.

Kada ku ɗauka tsohon tarihi ne kawai ke da wannan matsala. "Muhammadu Buhari shugaban Najeriya na nawa ne?" Idan ka ƙirga daga Azikiwe, shi ne na 7 lokacin da ya hau da kaki a ƙarshen 1983, kuma na 15 da ya dawo ta ƙuri'a a 2015. Idan daga 1999 kake lissafi, na 4 ne bayan Obasanjo, 'Yar'aduwa da Jonathan. Amsa uku, kowacce da hujjarta. "Wane ne fim ɗin Hausa na farko?" Masu bibiyar Kannywood za su ce Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, 1990. Wani ya tuna maka Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976. Na farko fim ɗin bidiyo ne, na biyu na majigi, tambayar kuma ba ta ce wanne take so ba.

Da azumi abin ya fi tsanani, domin kowane shafi sai ya buɗe gasa. A tambayi yawan ayoyin Alƙur'ani, wani ya ce 6,666 don haka ya ji ana faɗa, wani ya ce 6,236 bisa ƙirgar Kufa da ke cikin bugun Hafsu, almajirin da ya tashi da Warshu kuma ya ce 6,214 bisa ƙirgar Madina. Alƙur'anin ɗaya ne, inda ake tsayar da ƙarshen aya ne malamai suka bambanta. Admin da bai san da wannan ba zai kayar da mahaddaci ya ba wanda ya kwafo daga Google. Wallahi wannan abin kunya ne.

Sai tambayoyin da tun asali ra'ayi ne aka sa masa rigar ilimi. Wane mawaƙi ya fi kowa a ƙasar Hausa? Wane gwamna ya fi aiki tun da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987? Wace masarauta ta fi iya hawan salla? Waɗannan hira ce mai daɗi a majalisa, a yi ta musu har a tashi. Da zarar an sa kyauta a kansu, an koma gasar karanta zuciyar admin. A lokacin siyasa ma, irin wannan tambaya talla ce kawai, wani ne ya biya kuɗin katin don a yi ta maimaita sunan ubangidansa.

Ko da tambaya ta tsaya daidai, yadda ake zaɓen gwani ma abin dubawa ne. "Wanda ya fara amsawa" yana nufin wanda ya fi ƙarfin sabis. Mai zaune a cikin garin Daura da wanda ke ƙauyen bakin iyaka, inda wayarsa ke tsallakawa layin Nijar ba shiri, ba tsere ɗaya suke yi ba. Facebook kuma ba lallai ya jera amsoshi bisa lokacin da suka shigo ba, kuma mutum na iya rubuta shirme da wuri don ya kama layi, ya dawo ya gyara bayan ya ga ta wasu. Inda aka ce wanda amsarsa ta fi samun "like" shi ya ci, nan kam yawan abokai ake aunawa. Ga kuma guruf ɗin da kullum mutum uku ne ke cinyewa, kuma kowa ya san tare suke shan shayi da admin.

Na san abin da wasunku za su ce: haba, wasa ne fa, mutum ya cire kuɗinsa ya ba da kyauta kuma a tsare shi da dokoki? Gaskiya ne kuɗinsa ne, kuma yawancinsu da kyakkyawar niyya suke yi. Amma ko wasan dandali yana da ƙa'ida. A kacici-kacicin da muka gada, idan ka kasa sai ka ba mai tambaya gari, shi kuma dole ya faɗi amsa a gaban kowa, kowa ya auna ya ga ta zauna. In ba ta zauna ba, yara ma ba sa yarda. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara shiryawa a 1986, mutane suna girmama sakamakonta ne domin alƙalai sun fi ɗaya kuma an san abin da ake ba maki a kansa tun kafin a zauna. Wanda ya tara mutum dubu a shafinsa yana gaya musu daidai da kuskure, ya zama malami, ko ya so ko bai so ba.

Don haka, mai shirya gasa, ga abin da muke roƙo. Kafin ka saki tambaya, nemi amsarta a wuri biyu da ba su kwafi juna ba, domin shafuka goma na intanet na iya zama magana ɗaya da aka yi ta juyawa. Manhajojin nan masu ba da amsa kamar mutum su ma suna ƙirƙiro sunaye da shekaru, musamman a tarihinmu da ba a rubuta da yawa ba. Idan tarihin baka ne, sa "a cewar". Idan lissafi ne, faɗi daga inda ka fara ƙirga. Ba da lokaci, ko awa guda, sannan ka yi ƙuri'a a fili tsakanin duk waɗanda suka dace, don na Baure ya samu dama irin ta na Kofar Baru. Ranar sanar da sakamako, kawo hujjarka tare da amsar. In wani ya zo da hujjar da ta fi taka, karɓa ka raba kyautar, girmanka ne zai ƙaru.

Ku kuma masu amsawa, ku daina zagi, ku fara tambaya. Kalma biyu sun isa: "Ina hujja?" Idan aka ba ku, kun ƙaru. Idan aka cire ku daga guruf saboda su, kun san irin gasar da kuka baro. Kuma duk wanda ke cikin Daura, fada na nan, Kusugu na nan, dattawan da suka ga zamanin Sarki Abdurrahman da idonsu wasunsu na nan da rai. Ku je ku zauna da su kafin tambaya ta gaba ta fito.