Tarin Fuka Kan Warke Ya Bar Tabo, Hayaƙi Ya Ƙara Masa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci kan wani abu da ke damun mu a ƙauyuka da kasuwanninmu.

Sau da yawa mutum zai kamu da tarin fuka, wato tibi, ya sha maganin asibiti wata 6 cur, a gwada kakinsa a ce ƙwayar cutar ta mutu, amma tari da haki ba su rabu da shi ba. Nan sai surutu ya tashi. Wasu su ce ai maganin kyauta ba shi da ƙarfi, wasu su ce jifa ne. Sai a yi ta zubar da kuɗin hatsi a kemis.

Ni manomi ne mai ɗan tireda, ba likita ba, amma bayanin ma'aikatan lafiya ya shige ni. Iskar da muke shaƙa tana bin hanyoyi ne masu kama da rassan bishiya, daga maƙogwaro har cikin huhu. Ƙwayar tibi tana cin huhu da waɗannan hanyoyi, ta yi musu gyambo. To gyambo in ya warke a ƙafa ai tabo yake bari, haka yake a ciki. Wata hanyar ta tsuke, iska na wucewa da ƙyar, mutum na numfashi kana jin kamar fito. Wata kuma ta buɗe ta saki kamar tsohon tiyo, majina ta riƙa taruwa a ciki. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabo, kuma iyakar jinkirin zuwa asibiti, iyakar ɓarnar. Shi ya sa ake cewa tarin da ya kai sati 2 a je a gwada.

Inda muke da laifi shi ne hayaƙi. Mace ta gama magani yau, gobe an mayar da ita gaban murhu, a madafin da ko taga babu, tana hura ɗanyen itace ko kara ko kashin shanu, ga goyo a bayanta. Da hunturu a kunna wuta a ɗaki a rufe ƙofa. Mai ƙosai da mai tsire kuwa a cikin hayaƙi suke wuni. Akwai wasu ƙananan gashi a cikin hanyoyin iska da ke share ƙura da majina, hayaƙi yana lalata su, ya kuma kumbura hanyar da dama ta tsuke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2. Taba sigari kuwa ba sai an faɗa ba, mai shanta ya fi saurin kamuwa da tibi, kuma ya fi saurin ganin ta dawo.

Ba na cewa kowa ya sayi gas, na san aljihunmu. Amma shanya itace ya bushe ba ya cin kuɗi, haka fasa taga ko yin girki a tsakar gida. Maigida kuma ya ɗauke wa wadda ta warke girki na ɗan lokaci, ko da 'yar'uwarta za a roƙa.

Ina kira ga hukumomin lafiya, ranar da za a sallami mutum a yi masa wannan bayani, a kuma ba shi ranar dawowa a duba ƙirjinsa. Wanda tarinsa ya ƙaru, ko ya ga jini a kaki, ko rama da gumin dare, ya koma a sake gwaji, don tibi tana iya dawowa.

Wassalam.

Naku, mai karatu a kullum.