Sikanin ba na masu juna biyu kaɗai ba ne

A Sabuwa, da an ce "sikanin" sai hankali ya tafi kan mai juna biyu. Alhali na'urar tana da wani amfanin. Sautin da kunne ba ya ji take turawa cikin jiki, ya dawo ya zama hoto, har likita ya ga tsinin allura yana ratsa tsoka. Da haka ake zuƙe ruwa daga ƙirji, ko a gano jijiyar yaron da gudawa ta galabaitar, babu lalube.

Yanzu akwai ƙanana da ake haɗawa da waya. Ya kamata gwamnatin Katsina ta sayo su, ta horar da ma'aikatanmu. A wannan yanayi na 'yan bindiga, kai majinyaci Funtuwa ko Zariya cikin dare kasada ce.