Jan Wada da Duniyoyinsa: Giɓi a Kalmomin Falaki

Manomin Anka ko Gummi ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara matar wata, domin abin da ido ya gani Bahaushe ya raɗa wa suna. Sai dai mafi yawan taurari jajayen wadanni ne, ƙanana masu dushi-dushin haske, waɗanda ba sa ganuwa sai da madubin hangen nesa. A 2017 masana suka bayyana cewa duniyoyi bakwai ke kewaya ɗayansu, TRAPPIST-1. A nan Hausa ta yi tuntuɓe, domin kalmar "tauraro" ta haɗa mai hasken kansa da mai aron haske irin Zara. Wajibi ne manazarta su rarrabe: "tauraro" ga na farko, "duniya" ga na biyu. In ba haka ba, da Ingilishi kaɗai ɗalibin Bukkuyum zai san sararin samaniya.