AGADAS TA CANCANCI ZIYARA

Duk sa'ad da aka yi maganar inda za a kai ziyara da hutu, ba abin da ake ambata sai Legas da Abuja, masu dogon buri kuma su ce Dubai. Ban taɓa jin wanda ya ɗaga hannu ya ce Agadas ba. Ni kuwa can aka haife ni, ko da yake a nan Kakuri na yi wayo, kuma nakan bi mahaifina mu je ganin dangi. Saboda haka nake so in bayyana ra'ayina, cewa duk ɗan makarantar da yake son sanin tarihin ƙasar Hausa ya kamata ya sa Agadas a ransa, in Allah ya hore masa ya je ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Dalilina na farko shi ne, mu a nan Kaduna ba mu saba ganin tsohon abu ba. Garinmu na jiya ne, don sai a 1917 Turawa suka gama ƙaura daga Zungeru suka mai da shi hedkwatar Arewa. A wannan gefen kogi kuwa, masaƙar da aka buɗe a Kakuri a 1957 ita muke kira tsohon gini. Agadas kuwa tun ƙarni na 15 Sarkin Abzin yake zaune a cikinta, har yau kuma sarautar tana nan. A 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Dalili na biyu, garin nan ba baƙonmu ba ne. Masana tarihi sun ce Gobirawa a ƙasar Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, Abzinawa suka shigo, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Shehu Usman ɗan Fodiyo ya je Agadas yana saurayi don karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. A birnin Kano akwai unguwar da ake kira Agadasawa, kuma turkuɗin da Buzaye ke naɗawa yana ƙyalli, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buge shi. Ashe ke nan wanda ya je Agadas gidan dangi ya je. Ba ya ko bukatar tafinta, gama Hausa ita ce harshen kasuwa da na titi, sai dai ta ɗan bambanta da tamu.

To, in mutum ya isa, ina zai fara? Shawarata ita ce ya fara da babban masallaci, da sassafe kafin rana ta yi zafi. An gina shi wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin, aka kuma sake gyara shi a 1844. Hasumiyarsa da ƙasa zalla aka yi ta, tsawonta mita 27, watau kusan ƙafa 90, kuma ba wata hasumiyar ƙasa a duniya da ta kai ta. Wanda ya ga Gobarau ta Katsina, mai tsawon ƙafa 50, sai ya kwatanta da kansa. Itatuwan da suka firfito daga jikinta suna riƙe ginin, su ne kuma matakalar magina sa'ad da za a yi yaɓe. In an nemi izni aka samu, ana hawa ta ciki, amma fa matakalar tana da ƙunci, mai ƙiba sai ya yi da gaske. Daga bisa za a ga garin duka jajawur kamar ƙasar da aka gina shi da ita, a kuma hango duwatsun Abzin can arewa.

Kusa da masallacin fadar Sarki take. Kada a faɗa ciki kamar an shiga kasuwa. A yi sallama ga dogarai, a faɗi daga inda aka zo, a jira a yi iso. Cikin sarautun wannan fada akwai wadda ake kira Sarkin Turawa. Da na fara jinta na yi mamaki, sai mahaifina ya ce a da can Larabawa fatake su ake kira Turawa, shi kuwa Sarkin Turawa shi ke lura da al'amuransu. Kun ga darasin Hausa da na tarihi a kalma guda.

Daga nan sai a shiga lungunan tsohon gari, wanda ya kasu unguwanni 11. Gidaje biyu ne ba zan yarda baƙona ya wuce su ba. Na farko gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, yana kiran kansa Abdulkarim, kafin ya zarce Katsina da Kano. Na biyu gidan Sidi Ka, wanda ake kira gidan mai burodi, inda aka ƙawata bango da zane na ƙasa tun daga ƙasa har rufi. Mu da muke ganin ginin ƙasa alamar talauci ne, wannan gida zai sa mu sake tunani. Daura da masallaci kuma akwai masaukin baƙi na Hôtel de l'Aïr, ginin da ake dangantawa da Kawusan, jarumin da ya tsare sojan Faransa cikin barikinsu daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Littattafanmu na makaranta ba su cika ambatarsa ba, amma tsofaffin Agadas sun san shi sarai.

Da la'asar sai a nufi kasuwar dabbobi, a ga raƙuma farare da jajaye, a ga kantun gishirin Bilma a jere. Gishirin nan ayari ke ɗauko shi. Da kaka sukan tashi daga Abzin su ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, madugu na gaba yana lura da rana da taurari. Su komo da gishiri da dabino, sa'an nan su gangara ƙasar Hausa su musanya da gero. Motoci sun rage musu ciniki, amma sana'ar ba ta mutu ba. Kada kuma a manta da rumfunan maƙera, inda ake zuba azurfa a fitar da abin wuyan nan da Turawa ke kira gicciyen Agadas, wanda kamanninsa sun fi iri ashirin, kusan kowane yanki da nasa. Matan maƙera kuwa su ke aikin fata, jaka da zabira da matashi. Wanda zai sayi tsaraba ya saya a hannun mai yi, ya yi tayi da ladabi, kada ya karya wa mai sana'a wuya don yana ganin shi baƙo ne.

Wajen abinci, a ɗanɗani cuku da dabino, da furar da ake damawa da su. In an ba ka shayi kada ka yi gaggawar tashi, gama sau uku ake zubawa, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma tashi bayan kofin fari rashin ladabi ne ga mai gida. Wajen kuɗi kuma a yi hattara da lissafi. A Nijar dala tana nufin sefa 5, jaka kuwa sefa 1,000, saboda haka in mai tuwo ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma a riƙe bargo, don sanyin dare a hamada ba wasa ba ne. Da bazara kuwa zafi yakan wuce digiri 40. Wanda ya dace da watan Muharram zai ga bikin Biyanu, inda samarin gabas da na yamma na gari ke fitowa da rawuna da tambura suna zagaya unguwanni. Hanya kuwa daga tashar Kawo zuwa Kano, sai Daura, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a kwana Damagaram, kashegari a bi ta Tanut. Tafiyar ta fi kilomita 900, kuma tilas a riƙe takardun shaida da katin allurar shawara.

Na san iyayenmu za su ce, yaro, ka manta da halin da hanya take ciki? Gaskiyarsu ne, kuma ba zan ɓoye ba. An rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar, a 2025 kuma an sace baƙi Turawa a cikin Agadas kanta. Don haka ba na ba kowa shawara ya saɓi jaka ya kama hanya shi kaɗai. A tafi da babba wanda ya san gari, da yardar iyaye, a tambayi labarin hanya wajen direbobi da hukuma kafin a tashi, a yi tafiyar rana kawai, kada kuma a fita daji ko duwatsu sai da izni. In an ce hanya ba kyau, a haƙura a jira, rigakafi ya fi magani. Amma jira dabam, mantuwa dabam. Garin ƙasa ba ya jiran kowa har abada. A damanar 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, wanda bai gan shi ba kafin nan, sai dai ya ga hoto.

Kafin Allah ya kawo ranar tafiya, akwai abin da za mu iya yi tun yau ba tare da kashe ko kwabo ba. Buzayen da muke gani suna gadi a Barnawa da Narayi, ko suna dafa shayi a bakin titi, da yawansu iyayensu masu raƙuma ne, farin 1973 da na 1984 ne suka kashe musu dukiya suka watso su birane. Sau nawa muke wuce su ba ko sallama, wani lokaci ma har yara su yi musu ba'a saboda rawaninsu? Ina roƙon ƙungiyarmu ta Hausa da ta tarihi su gayyato dattijo guda daga cikinsu ya ba mu labarin ayari da na garinsu, mu rubuta mu ajiye a laburare. Ina kuma roƙon malamanmu, in za a kai mu Kano, a biya da mu Agadasawa da marinar Kura, mu ga bakin zaren tun daga gida. Iyaye kuma su taimaka da izni da ɗan guzuri. Allah ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya, ya buɗe mana hanya, amin.