Dala 3,000 Kan Kowane Littafi: Ina Rabon Marubutanmu?

'Yan uwa matasa, a watan Satumba na 2025 kamfanin Anthropic, mai manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Claude, ya amince zai biya dala biliyan 1.5 domin a sasanta ƙarar da marubuta suka kai shi a wata kotun tarayya da ke San Francisco ta Amurka. Littattafai kusan dubu 500 sulhun ya shafa, kowane ɗaya zai tashi da kimanin dala 3,000. Ku buga lissafin da kanku: sama da naira miliyan huɗu ke nan kan littafi guda a canjin wancan lokacin.

Amma ku tsaya ku ji abin da alƙalin ya ce tukuna, don a nan maganar take. A watan Yuni, Mai Shari'a William Alsup ya yanke cewa koyar da manhaja da littafin da aka saya da kuɗi bai saɓa wa doka ba. Inda kamfanin ya shiga uku shi ne littattafai sama da miliyan 7 da ya sauke daga shafukan satar fasaha irin su Library Genesis ya tara a rumbunsa. Kayan sata ne, kuma a kan su aka yi wannan ciniki. Ita ma jaridar New York Times ta maka OpenAI da Microsoft a kotu tun Disambar 2023 kan labaranta.

To, wa zai ci wannan kuɗi? Sharaɗin a fili yake: sai littafin yana da lambar shaida irin ta ISBN, kuma an yi masa rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka. Ke nan ko da a ce littafin wata marubuciyar Kano yana cikin wannan tari, in babu waɗannan takardu, ko sisi ba za ta gani ba. Kuma mun san halin da muke ciki. Da yawa daga littattafan da suka cika kasuwanninmu tun shekarun 1990 an buga su ne ba lamba, ba rajista, wani ma ko shekarar bugu babu a jikinsa. Na yanzu kuwa a WhatsApp da Wattpad ake haihuwarsu, a nan kuma suke yawo har sunan mai shi ya goge.

Gaskiya fa ɗaci gare ta, kuma dole mu faɗa wa kanmu. Kafin wani kamfanin Amurka ya taɓa marubucin Hausa, mu muka fara cinye shi. Baiwar Allah za ta kwana tana rubutu a waya, da kuɗin datarta, ta sa wa littafin ɗan farashi, mutum ɗaya ya biya, kafin la'asar ya watsa shi a guruf goma, har ana yi masa addu'ar Allah ya saka da alheri. Haba jama'a! Haka aka yi wa Kannywood. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da ta riƙe dubban matasa ta durƙushe, masu tura fim a waya suka gaje ta, furodusoshi suka koma YouTube suna jiran ɗan abin da talla za ta kawo. Wanda ke tura littafin wani kyauta ba shi da bakin zagin Anthropic, abin da ya bambanta su yawa ne kawai.

Wani zai ce ai talauci ne, mutane ba su da kuɗin saye. Na yarda akwai matsi, kowa a jikinsa yake ji. Sai dai marubuciyar ma a wannan kasuwar take auno shinkafa.

Kuma ba doka muka rasa ba. A watan Maris na 2023 aka sa hannu kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Ta ba mai aiki damar rubuta wa masu shafin intanet su sauke aikinsa da aka ɗora ba da izininsa ba. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana karɓar rajistar ayyuka ta intanet, Ɗakin Karatu na Ƙasa kuma shi ke ba da lambar ISBN. Rajistar gida ba za ta sa ka cikin sulhun Amurka ba, amma ita ce hujjarka ranar da rigima ta tashi. Marubuta nawa a Zariya, Gusau ko Azare aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan bayani da Hausa?

Nan nake kira ga 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya. Kuɗin da ake kashewa a taron raba kekunan ɗinki guda ɗaya zai isa a tara marubuta da mawaƙan mazaɓa, a kawo lauya da jami'in hukumar, a yi musu rajista a wuni ɗaya. Shugabannin matasa na gundumomi, ku fara tattaro sunayen masu rubutu da waƙa na unguwanninku, mu kai wa wakilanmu a zama na gaba. Masu kula da guruf-guruf ɗinmu kuma, duk wanda ya turo littafin sayarwa kyauta, a goge, a ja masa kunne.